Babi na Shida: Yadda Tukunyar Giya ta Koma Cikin Gidajen Amurka

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 1978, Jimmy Carter, shugaban ƙasar Amurka na wancan zamani, wanda asalinsa manomin gyaɗa ne daga jihar Jojiya, kuma mutum ne da aka shaida da riƙon addininsa har yakan tsaya ran Lahadi yana karantar da jama'a a majami'a, ya sa hannu a kan wata doka wadda mafi yawan abin da ta ƙunsa gyare-gyare ne na harajin manyan motoci da bas-bas da man jiragen feshin gona, irin dokokin da ba mai karanta su sai akawu da lauya. To, a tsakiyar wannan doka akwai wani ɗan sashe da Alan Cranston, ɗan majalisar dattawa daga Kalifoniya, ya tsaya wa, wanda ya ce daga ranar 1 ga Fabrairu 1979 kowane baligi yana da iznin dafa giya a gidansa har galan 100 a shekara, watau kimanin lita 380, ko galan 200 idan baligan gidan sun kai biyu, ba haraji ba lasin, bisa sharaɗi guda, shi ne kada ya sayar. A lokacin nan masana'antun giya da suka rage a dukan faɗin Amurka ba su cika ɗari ba. Bayan shekara arba'in da 'yan kai sai ga su sun haura dubu tara, kuma idan aka bi salsalar waɗanda suka kafa su, sai a tarar da yawansu a madafar gida suka koyi sana'ar.

Hukuncin abin shan nan a wurin Musulmi ba ɓoyayye ba ne, ba kuwa sabo ba. Fuƙaha'u na farko sun san giyar hatsi sarai, suna kiranta mizru, ana yin ta a Yaman da Masar da dawa ko sha'ir; kuma ko da yake malaman Kufa sun yi saɓani da na Madina a kan nabizu, watau jiƙon dabino ko na zabibi, mazhabar Imamu Malik da muke bi a ƙasashen nan ta tsaya a kan cewa duk abin da mai yawansa ke gusar da hankali, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, da inabi aka yi shi ko da hatsi. Wannan babi ba fatawa ya zo bayarwa ba. Abin da ya kawo mu ga maganar shi ne, da wuya a sami wata sana'a da ta fi wannan bayyana yadda jari da haraji da dokar hukuma suke iya ƙwace aiki daga hannun talaka su mai da shi na tajirai, har su sauya ɗanɗanon al'umma ɗungum ba tare da al'ummar ta farga ba.

Tun fil azal dafa giya aikin mata ne, kuma aikin cikin gida. A Ingila ta ƙarni na goma sha huɗu, kamar yadda malamar tarihi Judith Bennett ta nuna daga takardun kotunan ƙauyuka, matan aure ne ke dafa ta da kayan girkinsu, iyali su sha, abin da ya yi saura a kafa alama a ƙofar gida maƙwabta su zo su saya. Wanda ya san Filato, ko Kudancin Kaduna, ko Binuwai, ko ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi, domin haka ake yin burukutu har yau, haka fito a arewacin Gana, haka bilbil a arewacin Kamaru da Cadi, haka marisa a Sudan: mace ta jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta rufe har ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dama, ta dafa, ta bar ruwan ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa, sa'an nan ta zuba ragowar ta jiya a ciki don ta tayar da sabuwa. Abin da ya tsare sana'ar a hannun mata, a can da nan, shi ne rauninta. Giyar da aka yi haka ba ta jure ajiya, kwana biyu ko uku ta lalace, saboda haka ba a kai ta nesa, ba a tara ta a sito. Abin da ba ya taruwa kuwa tajiri ba ya kwaɗayinsa, hukuma ma ba ta samun abin kirki a kansa in ban da 'yar tara da kuɗin kasuwa.

Fure ne ya rushe wannan tsari. Akwai wata shuka mai yaɗo a ƙasashen sanyi da ake kira hof, wadda ke hawa igiya ta yi tsawon mita shida, tana fitar da fure kore mai ɓawo-ɓawo, a cikinsa akwai wani gari rawaya mai ɗaci da ƙamshi. Mutanen arewacin Jamus suka gane cewa idan aka tafasa shi tare da ruwan tsiro, ɗacin nan yana hana ƙwayoyin da ke kawo tsami yin aikinsu, giya ta yi watanni ba ta ɓaci ba. Ba da jimawa ba birnin Hambug ya shahara da fitar da ita cikin jiragen ruwa zuwa Holan, kuma wajen shekarar 1400 ta ƙetara Ingila tare da baƙi 'yan ƙasashen nan. Da abin ya zama haja mai tafiya, sai ya bukaci manyan tukwanen tagulla da ganguna da barori da bashin attajirai, waɗanda duk matar ƙauye ba ta da hanyar samunsu, kuma kafin shekarar 1600 ta cika, sana'ar a biranen Ingila ta koma hannun maza. Sarakuna suka biyo da ƙa'idodinsu, wanda ya fi shahara shi ne na Babariya na 1516 da ya iyakance kayan haɗi ga ruwa da sha'ir da hof, bai ambaci yisti ba domin a zamanin ba a san haƙiƙarsa ba. Sai a ƙarni na goma sha tara Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar cewa yisti halitta ce mai rai wadda ke cin sukari ta fitar da barasa da iska, Emil Christian Hansen na masana'antar Carlsberg a Kofanhagan ya ware tsantsar iri guda a 1883, Carl von Linde kuma ya ƙera injin sanyaya. Daga nan al'amarin ya fita hannun mai tukunya, ya koma hannun injiniya.

Jamusawan da suka yi hijira zuwa Amurka sun tafi da giyarsu mai suna laga, wadda ake tsimawa cikin sanyi, kuma a shekarar 1873 an ƙidaya masana'antu 4,131 a ƙasar, kusan kowane gari da tasa. Sa'an nan aka yi abin da duniya ba ta manta ba: daga Janairu 1920 zuwa Disamba 1933 tsarin mulkin Amurka ya haramta yin barasa da sayar da ita da safararta. Ƙananan masana'antu suka mutu. Manyan suka rayu da yin lemo da yisti da cuku da madarar ƙanƙara, da kuma wani abu da ya shafi labarinmu kai tsaye, watau ruwan tsiron sha'ir da aka dafe har ya yi kauri aka zuba a gwangwani, ana sayar da shi da sunan kayan yin burodi, alhali mai saye da mai sayarwa da ɗan sandan da ke wucewa duk sun san dawar garin. Da aka ɗage haramcin, doka ta bar wa magidanci iznin yin ruwan inabinsa a gida amma ba ta ambaci giyar hatsi ba, masu tarihin sana'ar kuma sukan jingina wannan ga mantuwar magatakarda. Ko mantuwa ce ko ganganci, ta zauna shekara arba'in da biyar. A cikin shekarun nan manyan kamfanoni irin su Anheuser-Busch da Miller da Schlitz suka yi ta haɗiye ƙanana da ƙarfin talla a talabijin da jiragen ƙasa masu sanyi, suna gauraya sha'ir da shinkafa ko masara, suna rage hof, har aka wayi gari abin da Ba'amurke ya sani da sunan giya ruwa ne guda, rawaya fes, mai sanyi da kumfa, wanda aka gina shi a kan kada ya ɓata wa kowa rai.

Tawayen ya taso daga wurare dabam-dabam, kuma ba wanda ya shirya shi. A Ingila ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke lasin dafa giya a gida tun 1963, kantuna suka fara sayar da kayan aiki da littattafai, waɗanda wasunsu suka ƙetara teku. A 1971 kuma samari huɗu da suka je hutu Ailan suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar ganga ta gargajiya daga manyan kamfanoni shida da suka mamaye kasuwa. A San Faransisko wani matashi mai suna Fritz Maytag, ɗan gidan masu ƙera injin wanki, ya sayi kaso mafi tsoka na wata tsohuwar masana'anta mai suna Anchor a 1965 ana gab da rufe ta. Jack McAuliffe, wanda ya ɗanɗani giyar Sikotilan yana sojan ruwa, ya komo gida ya harhaɗa tankunan madara da tsofaffin ganguna da waldar hannunsa ya buɗe New Albion a garin Sonoma a 1976. Ta rufe a 1982 don rashin jari, amma waɗanda suka ziyarce shi sun ga da idonsu cewa mutum ɗaya na iya yi. A gefe guda kuma akwai masu yi a ɓoye, irin ƙungiyar Maltose Falcons ta Los Anjalas da aka kafa a 1974, wadda 'ya'yanta suna cikin masu matsa wa 'yan majalisa lamba, da Charlie Papazian, wanda ya karanta injiniyancin nukiliya amma ya zauna a garin Bolda na Kolorado yana koyar da yara da rana, da dare yana koya wa manya dafa giya a ɗakinsa. Shi da abokinsa Charlie Matzen suka kafa ƙungiyar masu dafawa a gida ta Amurka a ƙarshen 1978, littafinsa na 1984 kuwa ya zama abin da almajiran fannin ke fara buɗewa.

Ya dace mu shiga madafar mu ga abin da Ba'amurke mai dafa giya a gida yake yi da ranar Asabar ɗinsa, domin a nan ne za a fahimci abin da ke jan hankalinsa. Ba shi yake yin tsiro ba, sayensa yake yi: sha'ir da aka jiƙa kwana biyu, aka bari ya tsira kwana huɗu ko biyar, aka busar a tanda, kuma gwargwadon zafin tandar ne launinsa ke tashi daga fari zuwa ja zuwa baƙi, ɗanɗanonsa ya tashi daga na burodi zuwa na alewa zuwa na gahawa. Hikimar tsiro kuwa matanmu masu kunun zaƙi sun riga Pasteur saninta da aiki, ko da ba su san sunayen sinadaran ba: ƙwayar da ta fara tsira tana fitar da wani abu da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari, shi ya sa kunu ke yin zaƙi ya tsinke idan aka zuba masa tsiro. Wannan ƙarfi yana cikin dawa kamar yadda yake cikin sha'ir, ko da bai kai shi ba, shi ya sa lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun Nijeriya, na giya da na lemon malta, suka koma ga dawar manoman Arewa. Ba'amurken namu zai ɓarza tsironsa, ya jiƙa shi cikin ruwan da zafinsa ke wajen digiri 66, ya rufe awa guda yana duba ma'aunin zafi, domin in ya yi ƙasa kaɗan giyar za ta fito tsararo, in ya yi sama kaɗan ta fito da kauri da zaƙi. Ya tace, ya ajiye dusar gefe, ya tafasa ruwan awa guda, yana jefa hof a farko don ɗaci, a ƙarshe don ƙamshi. Sa'an nan ya huce shi da gaggawa zuwa wajen digiri 20, ya juye a wata babbar kwalba ko bokiti, ya zuba yisti, ya toshe bakin da ɗan bututu mai lanƙwasa wanda aka sa wa ruwa a ciki, don iskar ciki ta fita ta waje kada ta shiga. Mako ɗaya zuwa biyu ya ɗura a kwalabe da ɗan sukari, wanda yistin da ya rage zai ci ya haifar da kumfa cikin wasu makonni biyu. Dahuwa ɗaya galan biyar ce bisa al'ada, kimanin lita 19, ƙananan kwalabe hamsin. Wanda ya zarce da sukari kuwa, ƙarar fashewarsu ce za ta tashe shi da tsakar dare.

Amma rabin aikin duka wanke-wanke ne, kuma a nan ne ya yi hannun riga da mai burukutu. Ita tana maraba da tsami, ta dogara ga tsohuwar tukunyarta da abin da ya maƙale a jikinta, kuma ana shan abin yana cikin tafasar kansa. Shi kuwa duk abin da zai taɓa ruwan bayan ya huce, cokali ne ko bututu ko murfi, sai ya tsarkake shi da magani, yana waswasi a kansa, domin ƙwaya ɗaya baƙuwa in ta shiga tana iya mai da wahalar wata guda ta koma khal. Abin dariya a nan shi ne, da waɗannan mutane suka yi nisa a fannin, suka gaji da tsafta, sai suka koma suna biyan kuɗi mai tsada don giyar lambik ta yankin Burasal a Beljiyam, wadda ake barin ruwanta ya kwana a buɗe cikin faffaɗan tasa har yistin iska ya sauka masa, ta fito da tsami. Watau sun zaga duniya sun komo inda matar Filato ba ta taɓa bari ba, sai dai tasu tana shekara ɗaya zuwa uku a ganga.

Shan ma sun mai da shi ilmi. Ba sa kurɓa daga kwalba, sai an zuba a kofin gilashi mai tsukakken baki, a ɗaga a duba launi, a shinshina, kuma ba sa yarda a sanyaya ta ƙwarai domin sanyi yana kashe ƙamshi. Suna da rabe-rabe masu yawa, daga baƙar sitawut mai ɗanɗanon gahawa zuwa farar giyar alkama mai ƙamshin ayaba da kanumfari, zuwa wadda suke kira IPA mai ɗacin gaske, kuma marubucin Ingila Michael Jackson, ba mawaƙin ba, shi ne ya fara tsara musu waɗannan azuzuwa a littafinsa na 1977. Tun 1985 suna da hukumar da ke jarraba alƙalai ta ba su shaida, alƙalan su zauna a gasa suna rubuta aibi da falalar kowace kwalba. Sukan ce su ɗanɗano suke bi, ba maye ba, kuma a ganina akwai gaskiya a maganar gwargwado, domin wanda maye kaɗai yake nema ba zai jira wata guda a kan abin da kanti ke sayarwa da araha ba. Sai dai ba dukan gaskiyar ke nan ba. Giyar manyan kamfanoni barasarta kashi huɗu zuwa biyar ce cikin ɗari, alhali IPA takan kai bakwai, wasu ma goma, hanta kuwa ba ruwanta da ƙamshin fure. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bayyana a farkon 2023 cewa babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba shi da illa.

Wanda ya fi kowa nuna inda hanyar madafa take kaiwa shi ne Ken Grossman. Ya buɗe kantin kayan dafa giya a garin Ciko na Kalifoniya a 1976, ya ziyarci McAuliffe da Maytag, ya koyi walda, ya bi gonakin madara da suka rufe yana tsintar tankuna, kuma a watan Nuwamba 1980 shi da Paul Camusi suka ɗora tukunyar farko ta masana'antar Sierra Nevada. Sun zubar da dahuwa da dama kafin su sami wadda ta gamsar da su. Abin da ya bambanta ta shi ne wani irin hof mai suna Cascade, wanda masu binciken gona na jihar Oregon suka fitar a farkon shekarun 1970, mai ƙamshin ɓawon lemon tsami da ƙaron itace, wanda masu giyar Turai na wancan lokaci suke ganin ya cika ƙarfi. Wannan ƙamshi ne ya zama alamar giyar ƙananan masana'antun Amurka, har daga baya samarin Ingila da Jamus suka koma suna kwaikwayonsa. A 2011 Barack Obama ya sayi kayan aiki da kuɗin aljihunsa, masu girkin fadar shugaban ƙasa suka dafa masa giya da zumar amyar fadar. A 2013 Alabama da Misisifi, jihohi biyu na ƙarshe da suka ci gaba da hanawa duk da dokar 1978, suka halatta dafawa a gida. A 2015 kuma yawan masana'antu ya wuce adadin 1873.

Manyan kamfanoni ba barci suke yi ba. Da suka ga ba za su iya kashe abin ba sai suka shiga saye: Anheuser-Busch ya sayi Goose Island ta Shikago a 2011, Heineken ya sayi rabin Lagunitas a 2015 ya cike saura a 2017, Constellation kuma ya biya dala biliyan ɗaya a 2015 a kan Ballast Point, wadda a bayan wani kantin kayan dafa giya na San Diyego aka haife ta, ko da yake bayan shekara huɗu ya sake sayar da ita da farashin da bai kama ƙafar wancan ba. Ƙungiyar ƙananan masana'antu ta tsaya kan ƙa'idarta cewa duk wadda babban kamfanin barasa ya mallaki kashi 25 cikin ɗari nata ta fita daga sahu, ta kuma ƙirƙiro hatimi na musamman da ake bugawa a kwalba don mai saye ya gane. Sierra Nevada tana hannun iyalan Grossman har yanzu. Anchor kuwa, wadda Maytag ya ceto ya riƙe har 2010, kamfanin Sapporo na Japan ya saye ta a 2017, ya rufe ta a 2023 tana da shekara 127, aka sallami ma'aikata. A shekara ta gaba Hamdi Ulukaya, Bakurden Turkiyya da ya yi arziki a Amurka da sana'ar kindirmo, ya sayi ginin da sunan da tukwanen tagullarta.